Tukkun Ɗanasabe

Memfis, Amirka
4 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga Yayata Lauratu, ta hannun Malam Buba tela, bakin tasha, Funtua.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Buba da yara. Idan kin shiga motar Malumfashi ki gaishe mini da Tsohuwa da Baba Maitama da duk mutanen gandu. Ni ina nan lafiya lau, sai kewar gida.

Kin ce in rubuto miki yadda garin yake, ba ragi ba ƙari. To garin auduga ne kamar Funtua, sai dai a bakin wani kogi yake wanda in kina wannan gaɓa ba ki gane mutum a waccan. Inda ake koya mana tantance auduga wani dogon ɗaki ne a saman bene. Za ki ɗebi audugar ki ja ta tsakanin babban yatsa da manuni har ki san tsawon silinta. Aikin nan da gwamnati ta turo ni koyo, Yaya, duk a yatsu biyu yake.

Layin da nake zaune na baƙar fata ne kaf, kuma ba abin da za ki nema ki rasa. Akwai shagon wanki inda za ki jefa tsabar kuɗi a inji ya wanke miki kaya kina zaune. Akwai kantin magani, amma rabin masu shiga ruwan zaƙi mai ƙanƙara suke zuwa sha. Wata mata na soya tarwaɗa ranar Juma'a, kuma suna cin wake da kuɓewa kamar mu, sai dai soya kuɓewar suke yi, Allah ya shirye su. Gidan da ya fi kowane kyau a layin, mai labule da furanni, na ɗauka na hakiminsu ne. Ashe na masu shirya gawa ne, sana'a ce a nan.

Inda na fi zama shi ne shagon Mista Lamar mai aski. A bakin ƙofarsa akwai wani ƙarfe mai zanen ja da fari da ke juyawa wuni zubur, ba ya zuwa ko'ina. Ranar Asabar duk mazan layin a nan suke taruwa, wanda zai yi aski da wanda ya zo gardama kawai. Akwai wani dattijo, Mista Otis, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, kujerar kusa da taga tasa ce. Shi ya fara yi mini magana a garin nan, shi ya nuna mini motar da zan riƙa shiga. Sun kasa faɗin Isyaku, Aizik suke ce mini.

Yanzu ga wata 'yar magana, amma tsakanina da ke. Kin san tukkun nan da Tsohuwa ta hana a aske mini tun ina jariri. Tun da na zo na warware shi na taje shi cikin sauran gashi, don a wurin aiki ba a barin hula a ka, kuma na gaji da kallo. Jiya Mista Lamar ya ce kaina ya zama daji, ya zaunar da ni. Injinsa na lantarki ne, ba kamar askar Sada wanzami ba da ke bin kai a hankali. Muna cikin dariyar wani labarin Mista Otis, kafin in ɗaga hannu ya bi ta tsakiyar kai ya wuce. Ya share ƙasa, Mista Otis ya hau kujera bayana, shi ke nan.

Gaskiya na ji wani iri, amma kaina sakayau. Ni da ke mun musulunta, mun bar waɗannan abubuwa. Kada dai ki gaya wa Tsohuwa.

Ni ne ƙaninki,
Isyaku

*

Funtua
20 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga Ɗanasabe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Isyakunka na takardun gwamnati ne, ni da na goya ka Ɗanasabe na sani. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne.

Kai wane irin sakarai ne? Ka cika mini takarda da tarwaɗa da kuɓewa, sai can ƙasa ka liƙa abin da ya kamata ka fara da shi. Tunda boko ya wanke maka kai, bari in tuna maka. Bayan ni, maza huɗu Tsohuwa ta haifa, ba wanda ya kai yaye. Ina da wayo lokacin na huɗun, na ga an fita da shi a tabarma. Da ta sami cikinka sai ta je gindin tsamiyar bayan gandu ta yi wa Doguwa alkawari: a bar mata wannan, za a bar masa tukku, kuma gashin ba zai taɓa wata ƙasa ba sai ta gindin tsamiya. Ranar aurenka Sada zai aske shi a can, a binne, a yanka baƙar akuya, alkawari ya cika. In ya faɗi a wani wuri, Doguwa za ta bi mai gashin ta sha shi. Ka san yadda take sha, daga hannu take farawa.

Ni ma ina salla, kada ka yi mini wa'azi. Amma ban taɓa bi ta ƙarƙashin tsamiyar nan da rana tsaka ba, kuma ba zan fara ba.

Ka ce kada in gaya wa Tsohuwa. Ban gaya mata ba. Na je da man gyaɗa kasuwar Malumfashi, na ƙarasa gida, na iske ta zaune a dokin ƙofa ba ta ko amsa sallama ba. Sai ta ce, "Lauratu, mi ɗan nan ya yi wa kainai?" Na ce me kika gani. Ta ce sati biyu ke nan, tun wata Asabar, tsamiya ke zubar da ganye ta gefen gabas kaɗai, alhali damina ko gama ɗaukewa ba ta yi ba. Na je na duba daga nesa. Haka ne.

Baba Maitama ya ce akwai gyara in an yi sauri. Ka koma wurin mai injin nan ka karɓo gashinka, ka sa a ambulan ka aiko, a binne da sunanka, akuya ta biyo baya. Kada ka tsaya jin kunyar mutanen layinku. Su ba su ga an fita da kowa a tabarma ba.

Kuma ka gaya mini gaskiya, yaya hannunka na dama?

Yayarka,
Lauratu

*

Memfis
4 ga Nuwamba, 1964

Zuwa ga Yaya Lauratu.

Gaisuwa da ban girma. Na sami wasiƙarki shekaranjiya, na karanta sau uku a tsaye.

Tunda kin tambaya, ba zan ɓoye ba. Kwana goma ke nan babban yatsana da manuni sun yi nauyi, kamar na kwana a kansu. Ina jan auduga ba na jin silin. Malaminmu ya dawo mini da samfuri shida a rana ɗaya ya ce duk na kuskure, ni da nake na ɗaya a ajin. Na je kantin magani, mai kantin ya ce sanyi ne, ya ba ni wani mai in riƙa shafawa. Na shafa. Yanzu abin ya kai wuyan hannu.

Jiya na je wurin Mista Lamar da safe kafin mutane su taru. Ban san yadda zan faɗa ba, sai na ce a garinmu ba a barin gashi a hannun baƙo, tsohuwata tana so. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce kakarsa ma ƙone nata take yi don kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi. Kin ji, Yaya, ashe su ma da saura.

Allah ya taimake ni ba ya zubar da shara. Tarawa yake a buhu, akwai wani mai lambu da ke zuwa wata-wata ya ɗauka, yana barbaɗawa a gefen kunya don zomaye su ji warin mutum su gudu. Mutumin ya makara wannan karon. Muka juye buhun a bayan shago. Ba ki ga abin ba: gashin duk mazan layin na sati biyar, ya dunƙule wuri ɗaya, baƙi da fari. Mista Lamar ya ce na Asabar ɗin nan a can ƙasa yake. Na ɗebi tafi ɗaya daga ƙasan, na zauna na tsince furfurar da idona ya gani, sauran na sa a takarda.

Ga shi nan a cikin ambulan. Ina kyautata zaton nawa ne, ko dai mafi yawansa.

Da na fito sai na haɗu da Mista Otis, ya ga ina riƙe da hannu, ya ce in zo gidansa matarsa ta dafa mini wake. Na je. Mutanen kirki ne.

Ki ce wa Tsohuwa na tuba. Ban ce na yarda da abin ba, amma na tuba.

Ƙaninki,
Isyaku

*

Funtua
1 ga Disamba, 1964

Zuwa ga Ɗanasabe.

Gaisuwa mai yawa. Malam Buba na gaishe ka, ya ce ka duba masa irin keken ɗinkinsu. An buɗe kasuwar auduga, Funtua ba masaka tsinke, motoci sun yi layi tun daga gidan gurza har tasha.

An yi aikin. Ambulan ya zo ranar Alhamis, Juma'a na kai shi gida da kaina. Tsohuwa ta karɓa ta shiga ɗaki ta ja asabari, ta daɗe. Washegari Asabar, ashirin da ɗaya ga Nuwamba, da rana ta take tsaka, ita da Baba Maitama da Sada suka je gindin tsamiya. Ni daga bakin rumbu na tsaya. Sada ya haƙa rami, Tsohuwa ta sa ƙunshin da hannunta, aka yanka akuyar a kai. Na zauna kwana tara a gida saboda yankan dawa, jiya na dawo.

Yanzu ka saurara, kuma kada ka ce mini mafarki ne, don da rana ne kuma ina ɗauke da tulu.

Kwana biyu da binnewa matan da ke zuwa rijiya suka fara cewa suna jin ƙamshi a wajen tsamiya, kamar kanumfari da lemo an haɗa, irin wanda ba mai shi a ƙauyen. Na ce surutun mata ne. Ranar Laraba na dawo daga rijiya, inuwa tana ƙarƙashin ƙafa, sai ƙamshin ya buge ni. Na ɗaga kai. Wani dattijo na zaune a kan saiwar tsamiya, baƙi kamar mu, amma da wando da taguwa irin na ma'aikata da malafar Turawa a kan gwiwa. Kansa fari fat, an yi masa aski tsaf. Yana wani irin guna-guni na waƙa bakinsa a rufe, yana buga gwiwa da hannun hagu. Hannun yatsu uku ne, ƙaramin da na kusa da shi babu.

Na yi sallama, don ban san abin da zan yi ba. Ya juyo ya dube ni kamar mutumin da aka sauke a tashar da ba tasa ba. Ya buɗe baki zai yi tambaya, sai na ga gefen bakin ya karkace. Ban san lokacin da tulun ya bar kaina ba.

Hajo matar Baba Maitama ma ta gan shi ranar Juma'a. Da aka gaya wa Tsohuwa ko ɗaga kai ba ta yi daga sussuka ba. Ta ce, "Ku bar baƙo ya huta, ba wurinku ya zo ba."

Tsamiya ta daina zubar da ganye. Tsohuwa ta fara cin abinci, har dariya na ji ta yi. Ni ce ba na iya ci. Ɗanasabe, wane ne wannan mutumin?

Yayarka,
Lauratu

*

Memfis
16 ga Disamba, 1964

Yaya Lauratu,

Gaisuwa. Ki yafe mini gajarta ta, zuciyata ba daɗi.

Ban taɓa rubuta miki cewa Mista Otis yatsu uku gare shi a hannun hagu ba. Na duba kwafin wasiƙuna, ban rubuta ba. Ƙarfen haɗa taragu ne ya cinye masa biyu yana saurayi. Ƙamshin da kika ji kuwa ruwan da Mista Lamar ke shafa wa mutum ne bayan aski, a wata koriyar kwalba.

Ranar Asabar ɗin da kuka binne, na tashi sallar asuba na ji hannuna garau, har na yi ta murɗa yatsu ina dariya ni kaɗai. Na lissafa daga baya, rana tsakarku ita ce asubarmu. A wannan asubar ce matar Mista Otis ta iske shi a ƙasa kusa da gado, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Likita ya ce jini ne ya hau masa kai, kuma ya ce abin ba baƙo ba ne ga mai shekarunsa. Na riƙe maganar likitan nan da hannu biyu har wasiƙarki ta zo.

Amma tun kafin ta zo akwai abin da na ɓoye wa kaina. Na je duba shi sau uku. Yana kwance, baki a karkace, magana da ƙyar. Matarsa ta ce kullum ƙorafinsa zafin rana, alhali a nan ruwan famfo har daskarewa yake yi. Ya ce mata yana zaune a ƙarƙashin wata bishiya mai 'ya'ya kamar yatsu, ya ɗanɗana ɗaya ya ji tsami. Ya ce akwai wata mace doguwa a bayansa, ba ta barinsa ya waiwaya. Ya ce wata yarinya ta fasa tulu saboda shi, yana so a ba ta haƙuri.

Zuwana na ƙarshe, da zan tafi, ya kama rigata da yatsun nan uku. Ya dube ni sosai ya ce, "Ɗanasabe." Har ɗa ɗin farkon sunan daidai ya faɗe shi, kamar a bakin Tsohuwa. Yaya, ba mahalukin da ya san sunan nan a ƙasar nan. Ko a fasfo babu shi.

Ya rasu ranar Asabar da ta wuce. Masu gidan labulen nan suka shirya shi, suka sa masa kwat da hoda, aka kwantar da shi a akwati mai laushi kowa na zuwa kallo. Mista Lamar ne ya yi masa askin ƙarshe, yana yi yana hawaye. Shaguna duk sun rufe rabin wuni, har mai tarwaɗa. Matarsa ta rungume ni ta ce na zame masa ɗa a 'yan watannin nan. Na so ƙasa ta tsage.

Shi ya hau kujera bayana ranar nan, gashinsa a kan nawa ya zuba a buhu. Na rantse na tsince furfurar. Ki tambayi Tsohuwa, don Allah: da ta buɗe ƙunshin, akwai saura?

Isyaku

*

Funtua
5 ga Janairu, 1965

Zuwa ga ƙanena Ɗanasabe.

Gaisuwa, da barka da shigowar azumi, jiya muka ɗauka. Allah ya ba matar mutumin nan haƙuri.

Na je gida na tambaye ta. Hajo ta riga ta gaya mini cewa tun Asabar ɗin da ka ce ya rasu ba a ƙara ganin baƙon ba. Ita ta gan shi na ƙarshe, ya tashi ya sa malafarsa ya zaga bayan tsamiya, bai fito ta ɗaya gefen ba.

Na karanta wa Tsohuwa wasiƙarka tun daga farko har ƙarshe. Tana kaɗi, ba ta tsayar da mazari ba. Da na kai tambayarka sai ta ce, "Akwai saura mana. Ɗan nan bai iya tsintar tsakuwa a wake ba, bare furfura."

Na ce to me ya sa ba ki cire ba.

Ta ce, "Na cire. Wuni na yi ina cirewa, sili-sili, a kan faifai. Baƙin ban san na wa ba ne, ƙila nashi, ƙila na wani. Farin kuwa na tabbata ba na ɗana ba ne. Farin na binne."

Ɗanasabe, baƙin gashin ƙone shi ta yi a murhu. Ko Baba Maitama bai sani ba. Ta ce in an binne naka, alkawari bai cika ba tunda ba a gindin tsamiya aka aske ba, Doguwa za ta ƙara riƙe ka ne kawai. Gara a sa mata wani a baki. Na ce Tsohuwa, mutum ne fa, da matarsa. Ta ajiye mazarin ta ce, "Ya yi furfura. Nawa huɗu ko haƙori ba su yi ba."

Na naɗe wasiƙarka na fito.

Ga abin da ya sa na yi saurin rubutowa. Tsamiya ta koma zuba, ta gabas ɗin nan dai. Tsohuwa ta ce Doguwa ta ci amma ta gane ba abin da aka yi mata alkawari ba ne, ta sake juyowa. Ta ce in gaya maka shagon nan kullum ana aski, ka ƙara aikowa, ka zaɓi fari, na wanda ya ci zamaninsa. Ta ce haka za a riƙa yi har ka dawo tukku ya sake fitowa a aske shi inda ya dace.

Na rubuta saƙonta don ta sa ni. Amma bari in faɗa maka abin da nake jin kunyar faɗa da azumi a bakina: ni ma so nake ka aiko. Ban san mutanen layinku ba. Kai na sani. Allah ya yafe mini.

Yayarka,
Lauratu

*

Memfis
24 ga Janairu, 1965

Yaya,

Gaisuwa gare ki da kowa. Za ki ga rubutun ya karkace, da hagu nake yi. Na daman ya mutu har gwiwar hannu, an ce in huta da zuwa aiki.

Jiya Asabar na je shagon na zauna tun safe. Dattawa uku aka yi wa aski a gabana. Ɗaya direban motar haya ne da ke rage mini hanya in ana ruwa, ɗaya mijin mai tarwaɗa, ɗaya ban san shi ba, ya zo da jikarsa tana riƙe masa hula. Farin gashi na ta sauka har kan takalmina. Sunkuyawa ɗaya ce, ba wanda zai lura. Har na saki hankicina a ƙasa don in sami dalili. Na ɗaga kai na ga kujerar taga, har yau ba mai zama a kanta. Na ɗauki hankicin kawai na fito.

Tsoro nake ji, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Shekarata ashirin da huɗu kuma ina so in dawo gida. Amma ba zan iya ba.

Na sayi reza, na shimfiɗa jarida a ɗakina, na aske kaina da hannun hagu, na yanke wuri biyar. Ko sili ɗaya bai taɓa ƙasa ba. Ga shi nan duka, nawa ne ni kaɗai, ba fari a ciki ko ɗaya. Ki ce wa Tsohuwa ta binne shi da sunana, abin da zai faru ya faru a kaina. In ta ƙi, ke ki binne.

Ki gaishe ta. Ki ce ban yi fushi ba.

Ƙaninki,
Ɗanasabe

*

Gida
14 ga Fabrairu, 1965

Ɗanasabe,

Gaisuwa, da barka da Sallah ko da ta wuce. Daga gida nake rubutowa, Sada zai kai gidan waya a Malumfashi.

Ga gashinka na mayar maka. Tsohuwa ta buɗe, ta shinshina, ta riƙe shi a ƙirji ta daɗe, sannan ta naɗe ta miƙo mini. Ta ce ka adana, ba a bukata. Ta ce, "Taurin kai irin na ubanai."

Jiya Asabar da hantsi ta aiki Hajo rijiya, ni ta aike ni rumbu. Da muka dawo ba ta ɗaki. Askar Sada ma ba ta cikin zabirarsa. Na hango ta tana dawowa daga wajen tsamiya da rana tsaka, ba ɗankwali, kanta tal kamar ƙwarya, hannuwanta duk ƙasa. Na ce Tsohuwa me kika yi. Ta ce, "Fari Doguwa ta karɓa da farko. Wannan karon kuwa jini ɗaya ne, ba ta da abin cewa."

Ta kai dokin ƙofa ta zauna, ba ta ƙara tashi ba. Ɓarin dama ne. Da safen nan ta yi magana sau ɗaya, ta ce garin da kake akwai sanyi, ka sa hula a kan nan da ka yayyanka.

Kada ka nemi jirgi, ba za ka iske ta ba. Ka tsaya ka gama abin da ka je yi.

Na san da wane hannu za ka ba ni amsa.

Yayarka,
Lauratu